ImageMagick da jar fatar Sakkwato: sharhin mai zanen banar biki

Mu masu zanen katin gayyata da banar biki kullum cikin neman abin shimfiɗawa a bayan rubutu muke. Furannin da ake saukewa daga intanet sun ishe ni, shi ya sa na koma ɗaukar hoton kayanmu na gida: jar fatar akuyar Sakkwato, tabarmar kaba, yaɓen katangar laka. To amma hoto guda ba ya cika banar mita huɗu. In ka ja shi ya dushe, in ka jera shi layin haɗi ya fito ƙuru-ƙuru.

ImageMagick nake amfani da ita don wannan aiki. Tsohuwar manhaja ce, John Cristy ya fara ta a 1987 yana aiki a kamfanin DuPont, kuma kyauta ce. Babu maɓallan dannawa, umarni kake rubuta mata a baƙar taga. A siga ta 7 kowane umarni da kalmar magick yake farawa. Ba ta buƙatar data bayan an sauke ta, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta ko yin nishi. Har a wayar Android tana tafiya ta cikin Termux, manhajar rubuta umarni a waya, ga mai haƙurin rubutu da babban yatsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta madubi: -flop ya juya hoton hagu zuwa dama, -flip ya kifa shi, a manne guda huɗun wuri ɗaya. Gefe ya dace da gefe, layi ya ɓace. A kan yaɓen laka da yashi abin ya yi kyau ƙwarai. A kan fata kuwa ban gamsu ba. Duk wani tabo ko jijiya sai ta samu tagwai, idanu su fara ganin fuskoki da malam-buɗe-littafi a jikin banar. Wata hajiya da ta zo duba na bikin ɗiyarta cewa ta yi, "Ɗana, wannan mujiyar fa?" Dole aka sake.

Abin da ya fi mini amfani shi ne -roll. Hoto mai faɗi da tsawo ɗigo (pixel) 1024, ka ce -roll +512+512, sai gefuna huɗun su dawo tsakiya, haɗin ya zama gicciye a gabanka. Nan za ka gane ainihin ciwon, kuma yawanci ba zanen ba ne, haske ne. Ranar garin nan ba ta da sauƙi, gefe ɗaya na fatar ya yi fau, ɗayan ya yi duhu, kuma babu dabarar haɗi da za ta ɓoye wannan. Maganinsa a yi kwafin hoton, a dusar da shi sosai da -blur, a raba na asali da shi irin rabawar lissafi, hasken ya daidaita. Ya fi sauƙi ma ka ɗauki hoton a inuwar zaure da hantsi, wayar tana kallon fatar kai tsaye.

Inda ta gaza a wurina: ba ta da umarni guda da zai ɗinke gicciyen nan da kansa. Sai na kai GIMP, manhajar gyaran hoto, na shafe shi da hannu. Tabarma kuma sai ka yanke hoton daidai inda saƙar ta maimaita kanta, kana ƙirga ɗigo kana gwadawa, kuma saƙar hannu ba ta taɓa miƙewa sak. Saƙon kuskurenta ma Turanci ne mai murɗe.

Kafin in kai wa mai buga banar, ina gwada shimfiɗar da magick -size 3000x3000 tile:fata.png gwaji.png, in ƙanƙanta hoton a allo in ja baya in duba. Maimaicin da ba a gani a kusa, daga nesa yake tona kansa, kuma daga tsallaken titi ake kallon banar.