Sandar fatsa mai sifirin a baki: ta kai kuɗinta, amma ba kowa za ta yi wa ba

'Yan uwa na Minesota da Wiskonsin da su Manitoba, tunda sanyi ya kawo jiki kuma wasunku sun fara zancen hawa kan ƙanƙarar tafki kamun kifi bana, ga abin da na gani game da sandar nan mai ɗan sifirin a bakinta, wadda a shago za ku ga an rubuta mata spring bobber. In dai ƙananan kifi kake bi, su crappie da bluegill da perch, to saye ta kawai, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa babban kifi kamar walleye ne a ranka irin na Lake of the Woods ko Mille Lacs, ajiye kuɗinka, ba taka ba ce.

Dalilin da ya sa ma aka ƙirƙiro abin shi ne ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara ba ya wuce digiri 4 na Salsiyas, kifi duk jikinsa ya yi sanyi, ba ya fizgar abinci kamar na bazara. Bluegill zai zo ya tsaya gaban tsutsarka yana kallo kamar mai taya kaya, can ya zuƙe ta ya tofar kafin ka ƙifta ido, kai kuma hannunka na cikin safa mai kauri ba ka ji komai ba, sai dai ka jawo ka ga ƙugiya tsirara. To sifirin ɗin wata siririyar waya ce da ta zarce bakin sandar da ɗan kaɗan, zare yana bi ta ƙaramin zoben da ke ƙarshenta, an shafa wa wurin launi mai haske, lemo ko ruwan ɗorawa. Aikinta ɗaya da totuwar karan da muke ɗaura wa zaren fatsa a kududdufi muna yara, sai dai ita a kan sanda take ba a kan ruwa ba, don haka ba ta daskarewa a cikin ramin da ka huda a ƙanƙara kuma kana iya sauya zurfi yadda ka ga dama ba sai ka kwance komai ba.

Amma ga inda mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Suna zaton sifirin mafi laushi shi ne mafi kyau, sai su ɗauki wanda ko iska ta hura sai ya lanƙwashe, su ɗaura masa ƙugiya mai nauyi, abu ya sunkuya ƙasa gaba ɗaya ya daina aiki. Ai abin da ake so shi ne nauyin ƙugiyar ya ɗan rusunar da wayar kaɗan kawai, ta tsaya a tsakiya, tana da sauran wurin sauka tana kuma da wurin tashi. Tashin nan shi ne duk sirrin. Crappie daga ƙasa yake tasowa ya ci abinci, ya haɗiye ya ci gaba da hawa sama da ƙugiyar a bakinsa, to zare ba zai ja ba sam, sakewa ma zai yi, abin da za ka gani kawai shi ne wayar da ta ɗan sunkuya ta miƙe a hankali kamar an sauke mata kaya. Da ka ga haka ɗaga hannu, kifi na nan. Da sanda ta yau da kullum wallahi irin wannan cin sai dai ya wuce ka, ka tashi kana cewa yau babu kifi a tafkin alhali su ne suka ƙoshi da tsutsarka.

Saboda haka ka fara sanin ƙugiyar da za ka riƙa amfani da ita kafin ka zaɓi sanda. Yawancinmu yanzu ta ƙarfen tangistin muke ɗaurawa, mai milimita 3 ko 4, wani lokaci 5, kuma shi tangistin ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, ƙarami ne a ido amma yana nutsewa da sauri, sifirin da aka yi don tsoffin ƙugiyoyin dalma marasa nauyi ba lallai ya iya riƙe shi ba. Ni shawarata ka sa ƙugiyarka a aljihu da ɗan guntun zare ka je shago, ka rataya a bakin wayar ka gani da idonka. Masu shagon kayan kifi a nan ba sa damuwa da haka, wasu ma su za su miƙo maka zaren.

Iri biyu na yi amfani da su. Na farko shi ne na arha da ake saya daban a maƙala wa duk sandar da kake da ita, daloli kaɗan ne, kuma yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Matsalarsa dai yana juyawa, kana cikin kaɗa ƙugiya sai ka ga ya karkace gefe zare ya naɗe a jikinsa, ga yatsu sun ƙage da sanyi kana ta fama da warwara. Wanda na samu kuma mai murɗaɗɗiyar waya ne irin ta cikin biro, zare yana ratsa tsakiyarta, to duk digon ruwan da zare ya ɗauko daga rami nan yake tsayawa ya zama ƙanƙara, minti kaɗan abu ya sandare sai ka sa baki ka hura ko ka murza da yatsa. A cikin tanti mai hita babu wannan, a waje kuwa azaba ce. Sau ɗaya ya lanƙwashe a cikin bokiti kuma shi ke nan, bai sake miƙewa daidai ba.

Na biyu, wanda nake kai yanzu, sanda ce da aka ƙera ta tare da sifirin ɗinta, yana da wurin zama na kansa a saman bakin sanda, kana tura shi gaba ya ƙara laushi, ka jawo shi baya ya ƙara ƙarfi, in ka gama ka tura shi ciki gaba ɗaya ya ɓuya. Kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa amma ranar farko na gane bambancin, don na sauya daga ƙugiya mai milimita 3 zuwa mai 4 ban yi komai ba illa ɗan jawo wayar baya. Kamfanin St. Croix da ke Park Falls a Wiskonsin sun yi suna da irin wannan tsari a sandunansu na Legend, su Frabill da Clam kuma suna sayar da na maƙalawa da aka yi da titaniyam ko nitinol, ƙarfen nan na nikel da titaniyam da ko ka lanƙwasa shi yake komawa yadda yake. In na maƙalawa za ka saya to ka nemi irin wannan ƙarfen, kuma mai miƙaƙƙiyar waya da zobe mai ɗan faɗi.

Ita kanta sandar kada bakinta ya yi laushi da yawa. Sifirin shi ne mai gani, sanda ita ce mai soka ƙugiya, in duk biyun lagwai-lagwai suke sai ka ɗaga hannu har sama kafin ƙugiya ta shiga bakin kifi. Akwai sandunan da bakinsu da kansa yake da laushi sosai, an yi su ne don su maye gurbin sifirin, masu yawo daga rami zuwa rami a waje sun fi son su tunda babu abin da zai daskare ko ya karye, kuma in iska na kaɗawa sifirin rawa yake yi ba ka bambance iska da kifi. Ni dai a ganina wajen gane cin nan na sama har yanzu sifirin ya fi, musamman tsakiyar hunturu, wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da kifi ke yanga.

Tsayi kuma ya danganta da inda kake zama. Cikin ƙaramin tanti inci 24 zuwa 28 ya isa, in ta wuce haka kana ɗagawa za ta doki rufi. A waje a tsaye 30 zuwa 36 ta fi daɗi, ba sai ka duƙa bayanka ya ƙage ba. Zare siriri, mai ƙarfin ɗaukar fam 2 ko 3, don zare mai kauri yana fitowa daga ril, wato abin naɗe zare, a nannaɗe, ƙaramar ƙugiya ba ta iya miƙar da shi, kifi ya ci zaren ya shanye motsin kafin ya iso wayar, ka ga sifirin bai yi laifi ba kenan. Kuma don Allah a sayi gidan ajiye sanda mai tauri, kar a jefa ta bayan mota tare da injin huda ƙanƙara.

Sababbin zuwa, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota, wato DNR, cewa ta yi sai sabuwar ƙanƙara mai garau ta kai inci 4 kafin mutum ya taka da ƙafa, kuma sai da lasin, sanda biyu aka yarda mutum ya sa a kan ƙanƙara a yawancin tafkuna. Ta biyun ni nakan bar ta da ɗan ƙaramin kifi mai rai a wani ramin, mai sifirin ce a hannuna. Wanda bai saya ba tukuna kuma yana kusa da St. Paul ya jira baje kolin kayan kamun kifin ƙanƙara da ake yi a zauren RiverCentre farkon Disamba, sanduna kala-kala a jere, ka ɗauka ka taɓa ka rataya ƙugiyarka, ka kuma tambaye su ko suna sayar da wayar daban in ta lalace, don in ba sa sayarwa ranar da ta karye sai dai sabuwar sanda.