Manjan jarka mai lita 25: ina ribarsa, ina matsalarsa

Manjan da ake saukewa a manyan kasuwannin Kano da Kaduna cikin jarka mai ruwan ɗorawa, galibinsa daga ƙananan masu tatsa yake fitowa a jihohin Edo, Imo, Akwa Ibom da Kuros Riba. Ga mai sayar da abinci ko gida mai yawan jama'a, jarka ta fi awon kwalba araha nesa ba kusa ba. Sai dai jarka biyu da suka sauka daga mota ɗaya na iya bambanta ƙwarai, kuma tun daga wurin tatsa bambancin ke farawa.

Da zarar an sare kan kwakwar manja, tsamin da ke cikin man zai soma hawa. Manyan masana'antu kan turara ta cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa tsamin mansu ba ya wuce kashi 5 cikin 100. Ƙaramin mai tatsa kuwa yakan jibge ta kwana huɗu zuwa mako guda don 'ya'yan su yi saurin zubewa daga jikin kan. Aiki ya yi masa sauƙi, amma man ya tashi da tsami. Shi ne manjan da ke maƙaƙi a maƙogwaro, ya bar ɗaci-ɗaci a alala ko faten doya. Irin wannan ya fi dacewa da masu haɗa sabulu, kuma bai kamata a biya shi kuɗin na miya ba.

Matsala ta biyu ruwa ne da laka. Idan ba a dafa man sosai bayan tatsa ba, ruwa da dusar kwakwa sukan kwanta a gindin jarka, wani lokaci har lita ɗaya ko biyu. Daga sama ba za a gani ba. A zura tsaftataccen dogon kara har ƙasa a ciro: in ƙarshensa ya fito da baƙar laka, a rage kuɗi ko a canza jarka. Sannan a ɗora cokali biyu a wuta. Mai kyau zai narke shiru da ƙamshinsa. Mai ruwa zai yi ta tartsatsi da kumfa, kuma ba zai yi wata uku a ajiye ba sai ya ɓaci. A kuma ɗora jarkar a sikeli, cikakkiyar lita 25 ta manja tana kaiwa wajen kilo 22 zuwa 23, ban da nauyin jarkar.

Ja ba shi ne inganci ba, a nan masu saye da yawa ke faɗawa. Manjan gaske ja ne mai sirkin ruwan lemo. Wanda ya yi jawur kamar jini abin zargi ne, domin masu algus na zuba masa rinin da ake kira Sudan IV, na masana'antu, wanda aka haramta a abinci saboda ana danganta shi da cutar daji. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta same shi a manjan kasuwannin Accra, takwararta ta Najeriya, NAFDAC, ma ta sha yin gargaɗi a kai. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatar da shi, don haka dillalin da aka sani, wanda zai karɓi kayansa in an dawo da su, ya fi arahar baƙo.

Daskarewa a lokacin hunturu ba aibi ba ce. Man yakan rabu biyu, mai ruwa a sama, mai kauri a ƙasa. A sa jarkar cikin ruwan ɗumi a girgiza. A shinshina jarkar kanta ma, don akwai waɗanda aka taɓa zuba wa kalanzir.

Lokacin saye shi ne daga Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da kwakwa ke yawa farashi ya sauka. Daga Oktoba zuwa Disamba yake tsada. Mai ajiya ya cika jarka har wuya, ya toshe bakin da kyau, ya ɗora ta a kan katako a inuwa. Wanda ba ya shan lita biyar a wata gara ya tsaya ga galan ƙarami, domin buɗewa da rufewa na sa man ya yi wari kafin a kai rabin jarka.