Danne Tunani ko Lura da Shi?

Ɗalibi Bahaushe a Madina, jarrabawa ta matso, ga kewar gida, ga fargabar faɗuwa. Hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya danne tunanin. Sauƙinta ba ya daɗewa. A 1987, a wani gwaji, masanin halayyar ɗan'adam Daniel Wegner ya hana mutane tuna farin beyar, sai ya riƙa faɗo musu a rai.

Ta biyu, wato lura da tunanin, wadda wani masanin halayyar ɗan'adam, Steven Hayes, ya gina tun shekarun 1980, ita nake koya wa ƙannena. Maimakon "zan faɗi", ka ce "zuciyata na raya mini zan faɗi". Ka lura da nauyin ƙirjinka, shayi na hucewa a gabanka, ka buɗe littafin duk da haka. Makon farko akwai wuya, ɗan'uwa, amma ana sabawa.