Faifai biyar, baƙi da fari: sharhina bayan mako guda

Ƙanena ne ya kawo min kwalin tsaraba daga Amurka, don ya san ni da son tsofaffin finafinai. Sunansa Film Noir Classic Collection, kashi na farko, wanda kamfanin Warner ya fitar a 2004, faifan DVD biyar a ciki. Ranar farko na'urata ta ƙi karɓarsu, ashe an kulle su ne don yankin Amurka, lamba 1, mu kuwa a Najeriya muna lamba 5. Sai da na aro wata 'yar ƙaramar na'ura wurin maƙwabci, irin wadda ba ta zaɓen faifai. Duk mai niyyar saye ya fara duba wannan.

Wani ɗan jaridar Faransa, Nino Frank, shi ya laƙaba wa irin waɗannan finafinai suna film noir a 1946, ma'anarsa baƙin fim. Ban gane dalilin sunan ba sai da na kashe fitilar falo. Da rana na fara gwadawa, hoton ya fito fari fat kamar an wanke shi da omo. Da dare kuwa sai ga inuwar labule ta raba fuskar mutum biyu, hayaƙin sigari yana tashi a hankali, kwalta tana ƙyalli bayan ruwan sama. Na taɓa kallon ɗaya daga cikinsu a waya, inda duhun ya zama toka-toka. A faifan nan baƙin baƙi ne wuluk, shi ya sa ban yi da-na-sanin wahalar ba.

Wanda ya fi kama ni shi ne The Asphalt Jungle na John Huston, 1950. Wani tsohon ɓarawo da ake kira Doc ya fito daga kurkuku da shirin fasa shagon lu'ulu'u, ya tara mai fasa akwatin ƙarfe da direba da ɗan daba. Sun kwashe lu'ulu'un, amma harsashi ya sami mai fasa akwatin, sannan rabon ganima ya watsa su. Doc, mutumin da ya lissafa komai har daƙiƙa, a hanyar gudu sai ya tsaya a wani ɗakin shan shayi yana zuba wa na'urar kiɗa kwabbai don wata yarinya ta ci gaba da rawa. 'Yan mintocin nan suka ishi 'yan sanda. Na mayar da wurin baya har sau uku don in sake ganin idanun Sam Jaffe, wanda ya fito a matsayin Doc. Marilyn Monroe ma tana ciki, lokacin ba ta yi suna ba.

Ka sani tun farko mai laifi ba zai sha ba, domin dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsaurara daga 1934, ba ta yarda ba. Abin kallon shi ne ta ina ƙafarsa za ta zame.

The Set-Up na 1949 zai yi wa masoya dambe daɗi. Minti 72 ne, kuma labarin ma minti 72 ya ɗauka. Manajan wani ɗan damben da ya fara tsufa ya karɓi kuɗi a kan yaronsa zai faɗi, bai ko gaya masa ba, don ya tabbata dama faɗuwar zai yi. Akwai sharhin murya na Robert Wise, daraktan fim ɗin, da darakta Martin Scorsese a faifan. A Gun Crazy kuma an ɗauki fashin banki daga kujerar bayan mota ba tare da an yanke ba ko sau ɗaya. Out of the Past yana da kyau, Robert Mitchum da idanunsa na mai jin barci. Murder, My Sweet ne ya ɗan rikita ni, zaren labarin ya yi yawa.

Turancinsu na 'yan tasha ne, da sauri kuma, dole na kunna rubutun ƙasa. Hoton bai cika faɗin talabijin ba, gefe da gefe baƙi ne, haka aka ɗauke su. Uwargida ta ɗauka talabijin ɗin ce ta lalace, har ta fara neman lambar mai gyara.