Takardar kuɗin wutar da aka kawo mini a Jamus

Jama'ar Jos, ina gaisuwa. Takardar kuɗin wuta ta shekara ce ta iso mini nan kusa da birnin Kolon, tun da na buɗe ta kuwa na kasa yin shiru.

A shafin baya an zana da'ira an yayyanka ta launi-launi, ana nuna mini asalin wutar da na sha: ga kason iska da rana, ga na kwal, ga na iskar gas. Doka ce ta tilasta wa kowane kamfani ya faɗa wa mai saye inda wutarsa ta fito. In ba ka gamsu ba ka koma wani kamfanin, ba wanda zai zo da tsani ya yanke maka waya. Can ƙasa aka rubuta cewa abin da na riƙa biya wata-wata ya zarce abin da mita ta nuna, za a mayar mini da rarar. Suka kuwa mayar, ban roƙi kowa ba. Wallahi sai da raina ya sosu, don na tuna bil ɗin ƙiyasi da ake liƙa mana a ƙofa a unguwarmu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kason rana. Wace rana ke gare su? A watan Disamba kafin biyar na yamma duhu ya rufe, sai a yi mako sama tana lulluɓe da gajimare. Amma wata tsohuwa maƙwabciyata ta rataya farantan sola biyu a ƙarfen barandarta, ta jona wayar a soket, tana rage kuɗin firji da injin wanki. Tun 2024 doka ta yarda irin wannan ya kai wat 800 ba tare da doguwar cuku-cukun takardu ba. A 2023 fiye da rabin wutar da ƙasar ta sha daga iska, rana, ruwa da makamantansu ta fito, iska ce kan gaba. A Afrilun shekarar suka rufe tashoshin nukiliyarsu na ƙarshe. Maƙwabciyarsu Faransa kuwa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta nukiliya ce, kuma an yi shekara da shekaru ana kai mata yuraniyom daga Arlit ta Nijar.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Wutar nan da tsada, tana cikin mafi tsada a Turai, duk ɗakin da na fita sai na kashe ƙwai. Kwal ɗin ma na je na ga inda ake haƙo shi a Garzweiler. Rami ne da ido ba ya kai wa ƙarshensa, an tashi ƙauyuka ɗungurungum saboda shi, har da Lützerath da aka kwashe a Janairun 2023. Ɗan Jos da ya taso yana ganin kududdufan kuza a Rayfield da Bukuru ya san abin da ake bar wa mutane bayan an gama haƙa. Ranar na yi kewar gida ƙwarai, har sanyin Filato da ƙamshin tsire na Terminus.

Mu fa ba baƙin wuta ba ne. Tun 1929 aka kafa kamfanin wuta na NESCO, ruwan Kurra yana juya injina yana haska ma'aikatan kuza, lokacin da garuruwa da dama ba su san ƙwan lantarki ba. Kainji ta zo a 1968, sai Jebba da Shiroro. Yau mafi yawan wutar ƙasa a kan gas ta rataya, bututu ya samu matsala kowa ya shiga duhu, maganar tashar wutar Mambila kuma tun muna yara ake yin ta.

Amma da namu laifin. Mutum zai zuba wa janareto mai kullum, hayaƙi yana shiga ɗakin 'ya'yansa, ka ce ya sa sola ya ce tsada. Wani ya zagaye mita, wani ya ga ana kwance wayar taransifoma da dare ya ja bakinsa ya yi shiru. Na dai ce wa ƙanena ya jiyo mini farashin farantai huɗu da batir, mu lissafa da kuɗin man da shagon ɗinkinsa ke ci a shekara.