Sharhina kan kafintan da ya yi mana dandamalin katako a bayan gida

Damina biyu kenan da gama aikin, shi ya sa na ga yanzu ne zan iya magana, don shi katako sai ruwa ya dake shi ake gane ingancinsa.

Ni dai wajen zama nake so, a buɗe ƙofar baya a taka katako kai tsaye, mita 4 da mita 3, duk hankalina na kan kalar saman. Kafinta kuwa ya zo ya ɓata kusan kwana biyu a kan katako ɗaya tak, wanda ake ɗaurewa a jikin bango, har na ƙosa na ce Malam wai yaushe za a fara aikin ne? Ya ce yallaɓai ai aikin kenan, kusan rabin nauyin dandamalin a kan wannan zai zauna, in kusa na buga wata rana sai ya zare daga bango da mutane a kai. Noti masu kauri ya ɗaura, sannan ya lanƙwasa kwano ya rufa masa ta sama yadda ruwa ba zai bi bayansa ya kwanta ba. Jiya na shiga ƙarƙashi da tocila bayan ruwan dare, na shafa wajen, wallahi a bushe yake.

Ginshiƙan ma bai binne su ba, kankare ya zuba ya ɗora kowanne a kan ƙarfe don kada gindin ya taɓa danshi, ga kuma gara. Katakan ƙasa masu riƙe dabe santimita 40 ya bari tsakaninsu, ko yara sun yi tsalle ba ya lotsawa. Wani abu da na koya a wajensa, katakon da aka yi wa maganin ruɓa akwai tagulla a maganin, tana cin ƙarfen gama-gari, dole sai kusoshin da ba sa tsatsa. Kuma ya hana ni shafa mai da wuri, ya ce in ɗiga ruwa a kai, in ya tsaya kamar dutsen ado katakon bai bushe ba, in ya tsotse to a shafa. Na jira wajen wata biyu.

Inda ya ɓata min rai matakala ce. Taki uku ne kawai amma na ƙasa ya fi sauran tsawo da kusan yatsa biyu, mahaifiyata ta yi tuntuɓe a nan sau biyu, abin ya dame ni sosai. Bakin katakan da ya yanke a wajen ma bai shafa musu magani ba, ɗaya har ya fara tsagewa. Ga rashin cika alƙawari, sati ɗaya ya ce, sai da muka yi uku.

Zan sake ba shi aiki, amma wannan karon da tef a hannuna zan tsaya a kan matakalar. Na kira shi ya ce ran Asabar zai zo ya gyara.