Wasiƙa daga Ingila: koyar da ɗa'a da fasaha ta intanet

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Na ga saƙonka cewa sashenku zai fara koyarwa ta intanet, kuma an sa ka a kwamitin da zai rubuta kayan da za a saya. Zango uku ke nan ina koyar da kwas na ɗa'a da fasahar zamani ba tare da na taɓa haɗuwa da ɗalibaina ido da ido ba, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba. Kwamfutar da jami'a ta ba ni ce, da makirufo, da fitila guda a kan tebur, saboda a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Duk za ka same su a Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne abin da ke riƙe da su, wato wuta da intanet. Ban taɓa katse lacca don an ɗauke wuta ba. Wutar akwai tsada, musamman daga 2022, amma tana nan dare da rana. Intanet ɗin gida kusan fam 30 nake biya a wata, ba wanda ke ƙirga min data. Ku kuwa a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kan kowane yunit, a farkon 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ɗalibin da ke auna datarsa kamar mai auna gero a watan bazara ba zai zauna awa guda yana kallon bidiyo kai tsaye ba.

Laburare ne ya fi burge ni. Ina tura sunayen littattafai, ma'aikatan su nemo izini, ɗalibi ya buɗe babin daga ɗakinsa. Kowace lacca ana sa mata rubutu a ƙasa domin masu lalurar ji. Amma fa ba kyauta ba ne: a shekarar karatu ta 2025/26 ɗan ƙasa ya biya har fam 9,535 a shekara, akasari da bashin gwamnati, baƙo kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma ka sani, da aka kafa buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasar nan mai koyarwa daga nesa a 1969, da rediyo da talabijin da littattafai ta gidan waya ta fara. Mu da muka tashi da rediyo a kunne, wannan ya kamata mu fara dubawa.

Matsalar da kuɗi ba su magance ba ita ce shiru. Sa'a ɗaya muke haɗuwa a mako, yawancinsu kyamara a kashe, sai sunaye a kan baƙin allo. Ɗa'a kuwa sai da musu, sai ka ga fuskar mutum lokacin da hujjarsa ta ƙare. Sai da na daina bayani mai tsawo, na koma kawo musu abin da ya faru da mutane na gaske, sannan bakinsu ya buɗe. Mun yi batun masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya na ƙasar nan, fiye da 900, da aka gurfanar tsakanin 1999 da 2015 saboda manhajar Horizon ta nuna giɓin kuɗin da ba su ɗauka ba. Mun yi na 2020, da lissafin kwamfuta ya rage darajar kusan 40 cikin kowane sakamako 100 da malamai suka ba ɗaliban ƙarshen sakandare, har gwamnati ta janye cikin 'yan kwanaki. Na kuma kawo musu namu: manhajojin bashi da ke tura wa duk lambobin wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne, da rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Wannan na ƙarshen mako biyu suka yi suna rubuce-rubuce a kai, tsakanin mai cewa tsaro ne gaba da mai tambayar yadda mace mai naƙuda za ta kira mota.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Za a kawo muku tallan manhajar sa ido kan jarrabawa, wadda ke kallon ɗalibi ta kyamara don hana satar amsa. Don Allah Yaya, kada ka sa hannu. A zangona na farko an yi amfani da wata, ta ƙi gane fuskar wata ɗalibata baƙar fata har sai da ta haska fitila a idonta, ta rubuta jarrabawar sa'a biyu a haka. Abin ya tsaya min a rai, domin a makon da ya gabace shi na koyar da su binciken da masaniyar kwamfuta Joy Buolamwini ta yi a 2018 kan na'urorin gane fuska, wanda ya gano kuskuren irin waɗannan na'urori ya kai kashi 34.7 a kan mata masu duhun fata, alhali bai kai kashi 1 ba a kan maza farare. Ɗalibanku duka irin fuskarta gare su, ɗakunansu kuma ba kullum da wuta ba.

Na nemi izini na sauya tsarin. Kowa ya rubuta maƙalarsa, sannan mu yi minti goma sha biyar ina masa tambayoyi a kanta, kamar yadda Malam yake sauraron karatunmu a zaure. Wanda ChatGPT ya rubuta wa, a tambaya ta biyu ake ganewa. Da gajiya, amma kiran waya ma ya isa a yi shi.

In da ni ne a kwamitin, zan sa kuɗin a sola ta sashe, da ma'aikaci guda mai amsa wa ɗalibai idan sun maƙale, a naɗi lacca da murya minti goma-goma wadda za ta wuce ta WhatsApp. Kafin zamanku na gaba, ka bincika min ɗalibai nawa ne ke da kwamfuta, nawa ne waya kaɗai gare su, sai in turo maka jadawalin kwas ɗina mu daidaita shi.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.